Magani Muke Nema Ko Takarda? Fashin Baƙi Kan Koya Wa Ma'aikatan Sida Rubutun Bincike

Tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a watan Janairun 2025, har abin ya taɓa shirin PEPFAR da ke ɗauke da babban kaso na aikin yaƙi da sida a Afirka tun 2003, wata tambaya take ta yawo a bakin mutane a arewacin Kamaru, daga Ngaundere zuwa Garwa har Kusiri. A lokacin da ake fargabar yankewar magani, ake sallamar ma'aikatan wucin gadi, me ya kawo zancen koya wa ma'aikatan asibiti rubuta maƙalar kimiyya? Wasu na cewa wata hanyar cin kuɗin zama ce kawai a otal mai sanyi. Wasu kuma tsoronsu ya fi haka: suna zargin sirrin marasa lafiya ake kwashewa a kai wa Turawa. Zarge-zargen nan biyu kowanne yana da inda ya samo tushe, shi ya sa ya kamata a warware maganar dalla-dalla.

Wane irin rubutu ake nufi?

Ma'aikacin sida ba baƙon rubutu ba ne. A kowace cibiyar ba da magani, irin waɗanda a Kamaru ake kira CTA a manyan asibitoci da UPEC a na gundumomi, akwai rajistoci jibge: ta gwaji, ta masu shan magani, ta mata masu juna biyu, ta awon yawan ƙwayar cuta a jini. Akwai ma waɗanda aikinsu kenan, cika rajista. Ƙarshen wata a tattara alƙaluma a zuba cikin manhajar DHIS2, su wuce ofishin yanki, daga nan su tafi Yawunde wurin kwamitin ƙasa na yaƙi da sida, wato CNLS. Wannan shi ne rahoto. Rahoto yana faɗin nawa ne: mutum nawa aka gwada, nawa suka fara magani, nawa suka ɓace.

Maƙalar bincike kuwa tana bin sawun dalili ne. Su wane ne suke ɓacewa, a wane wata, daga waɗanne ƙauyuka, kuma in an canza kaza me zai faru? Tana da gini guda huɗu da duk duniya aka saba da shi: gabatarwa da ke faɗin abin da aka riga aka sani da giɓin da ya rage, sai hanyar da aka bi aka yi binciken, sai sakamako tsurarsa ba tare da sharhi ba, sannan tattaunawa kan ma'anarsa da kuma raunin binciken. Idan an gama a tura wa mujalla, edita ya miƙa wa masana biyu ko uku na fannin, waɗanda galibi marubucin ba zai san ko su wane ne ba, su tsefe ta. Suna iya mayar da ita a gyara, suna iya watsar da ita baki ɗaya. Wannan tsifar ce ta raba maƙala da rahoton da ake rubuta wa mai ba da tallafi, wanda kowa ya san akan shafa masa mai.

Irin binciken da ya dace da ma'aikacin asibiti shi ne wanda ake kira binciken cikin aiki. Ba sabon magani ake ƙirƙira ba, ba a kuma gwada komai a jikin kowa. Bayanan da aikin yau da kullum ya tara ake komawa a yi musu tambaya.

Bita daban, raino daban

A nan ne masu zargin cin kuɗin zama suke da gaskiya, rabi. Duk wanda ya yi aikin lafiya a arewacin Kamaru ko Cadi ya san bitar kwana uku: a zo da majigi, a raba jaka da biro, a sha shayi ƙarfe goma, a karɓi takardar shaida da ambulan, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa ganin wanda bitar kwana uku ta mayar marubuci ba. Ai ko ɗinki ba a koyonsa haka. Yaro yakan shekara a gaban maigidansa yana sa maɓalli, yana ɓata yadi ana warwarewa, kafin a ba shi babbar riga.

Raino shi ne a haɗa ma'aikaci da wanda ya riga shi gogewa, su ɗauki tambaya ɗaya tak daga wurin aikinsa, su bi ta tun daga tsara bincike har ranar da mujalla ta buga. Fitaccen misali shi ne tsarin SORT IT, wanda ƙungiyar duniya ta yaƙi da tarin fuka da ake kira The Union da ƙungiyar likitoci ta MSF suka fara a 2009, daga baya shirin TDR na Hukumar Lafiya ta Duniya ya karɓi ragamarsa. Zama uku ake yi, kowanne kamar mako guda, a cikin kusan shekara ɗaya: na farko a rubuta tsarin bincike, na biyu a koyi tsaftace bayanai da nazarinsu, na uku a zauna a rubuta maƙalar. Tsakanin zama da zama akwai wa'adi, wanda bai cika ba ba ya wucewa gaba. Takardar shaida kuma sai wanda ya tura maƙalarsa ga mujalla. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne gishirin tsarin.

Na taɓa zama kusa da irin wannan zama a wani ofishi a Garwa, da rana tsaka a watan Afrilu, wuta ta ɗauke, kwamfuta na kukan caji. Wata majo ce, wato babbar ma'aikaciyar jinya, wadda ta fi shekara goma tana raba magani, da wani likita da ke rainonta. Ta rubuta a daftarinta cewa yawancin maza ba sa dawowa karɓar magani saboda kunya. Ya sa jan biro ya zagaye kalma biyu, «yawanci» da «kunya».

«Hajiya, yawanci nawa ne? Cikin nawa?»

«Dokta, ai kowa ya sani.»

«To kowa ba zai karanta ba, wani mutum ne a Dakar ko Landan da bai taɓa taka Garwa ba. Kunyar nan kuma, ke kika tambaye su, ko a rajista kika gani?»

Ta yi shiru, ta ce a rajista babu gurbin kunya. Ya ce to sai a rubuta abin da rajista ta nuna, kunya kuma a ajiye ta a matsayin zato, ko a nemi izini a je a tambayi mutanen. Sai da suka shafe kusan awa biyu a kan sakin layi ɗaya. Da za ta tafi tana ɗaura mayafi tana cewa gara mata layin mutum ɗari da wannan jan biro. Ta dawo mako na gaba.

Me ya sa sai su? Ba ga malaman jami'a ba?

Kamaru ba ta rasa masana sida ba. Akwai Cibiyar Pasteur a Yawunde da reshenta a Garwa, akwai cibiyar bincike ta Chantal Biya, akwai jami'o'in Ngaundere da Marwa da Garwa. Gwajin NAMSAL da aka yi a asibitoci uku na Yawunde, aka buga sakamakonsa a 2019, yana cikin hujjojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba ta fifita maganin dolutegravir, wanda a yau shi ne jigon ƙwayar da yawancin masu shan magani ke haɗiya kullum. To amma dubi inda nauyin binciken yake: Yawunde da Duwala. Arewa takan fito ne a matsayin layi ɗaya a cikin jadawali.

Kuma layin nan yana ruɗi. Binciken CAMPHIA na 2017 zuwa 2018 ya nuna kashi 3.7 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 a ƙasar suna ɗauke da ƙwayar cutar, daga kashi 6.3 a yankin Kudu zuwa kashi 1.5 a Arewa Mai Nisa. Wanda ya ga 1.5 sai ya ce arewa ba ta da matsala. Amma Arewa Mai Nisa tana cikin yankunan da suka fi ko'ina yawan jama'a, kuma wahalar da ke nan ta riƙe mutum a kan magani ce. Makiyayi da ke bin dabbobinsa rabin shekara, ɗan kasuwar da ke kwana Kusiri ya wuni Injamena ta gadar Ngeli, 'yan gudun hijirar sansanin Minawawo da aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo, ƙauyukan bakin kogin Logon da ruwa ke yanke wa hanya duk damina, balle shekara irin 2024 da ambaliya ta ci Yagwa: babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a gano maganinsa daga ofis a Yawunde. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗauki maganar waɗanda ma'aikata ke kira «perdus de vue» da Faransanci, wato waɗanda suka ɓace wa asibiti. Kalma ɗaya ce amma mutum iri huɗu ne a cikinta. Akwai wanda ya rasu ba a kawo labari ba. Akwai wanda ya koma wani asibiti a ɓoye, ya sake rajista da sabon suna don kada a gan shi a unguwarsu, ya zama ɓatacce a nan, sabon kamu a can. Akwai wanda ya daina sha da gaske. Akwai kuma wanda yana nan yana shan maganinsa, mai cika rajista ne bai rubuta ba. Kowanne maganinsa daban. Ko ma'aunin ɓacewar ma ba ɗaya ba ne: da can sai mutum ya yi kwana 90 bai zo ba, daga baya PEPFAR ta mayar da shi kwana 28, don haka alƙaluman shekaru biyu na iya bambanta alhali babu abin da ya canza sai ma'auni.

A arewacin Malawi an taɓa bin sawun irin waɗannan mutane 253 har gidajensu, aka buga sakamakon a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2007: rabinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ƙaramin bincike ne, amma ya sa shirye-shirye da dama suka gane cewa adadin mace-macen da suke bayarwa ya gaza gaskiya. A lardin Tete na Mozambik kuma, tun 2008 marasa lafiya suka fara haɗa ƙungiyoyin mutum shida, ɗaya ya je ya karɓo wa saura, suna karɓa-karɓa. Da ba a rubuta an buga ba, da dabarar ta tsaya a Tete. Yau ƙasashe da yawa sun ɗauka.

Sirrin marasa lafiya fa?

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2004 an fara gwajin maganin tenofovir a matsayin rigakafi a kan mata 400 masu zaman kansu a Duwala. 'Yan fafutuka a Kamaru da Faransa suka tayar da ƙura kan yadda aka yi wa matan bayani da kuma kulawar da za a ba wadda ta kamu a lokacin gwajin, har ma'aikatar lafiya ta dakatar da shi a farkon 2005. Shekaru bayan haka wasu gwaje-gwaje a wasu ƙasashe suka tabbatar maganin yana kariya, amma tabon rashin yarda ya riga ya zauna.

Yau akwai shinge. Kamaru tana da kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiyar ɗan Adam da rassansa a yankuna, akwai sashen binciken cikin aiki a ma'aikatar lafiya da ke ba da izinin hukuma, kuma a watan Afrilun 2022 an sa hannu kan dokar da ta tsara binciken likitanci da ya shafi mutane. Mujallar kirki ba ta karɓar maƙala sai an nuna mata amincewar kwamitin ɗa'a, ko da tsohuwar rajista kawai aka duba. Kafin nazari ana cire suna, lambar waya da unguwa, a bar lamba kawai.

Sai dai cire suna bai isa ba a ƙaramin gari, kuma wannan na cikin abin da mai raino nagari zai fara koyarwa. In ka rubuta «bazawara 'yar shekara 34 mai sayar da ƙosai a bakin tasha» a garin da tasharsa ɗaya ce, ka faɗi sunanta. Haka fayil ɗin marasa lafiya da ake turawa ta WhatsApp don sauri, ko kwamfutar ofis da ake kai wa mai gyara a kasuwa da komai a ciki. A ganina haɗarin tonon asiri ya fi yawa a irin wannan sakaci na yau da kullum fiye da a mujallar da ke Landan, kuma ma'aikacin da ya bi ta hannun kwamitin ɗa'a sau ɗaya yakan dawo ya fi kowa tsantseni.

Sunan wa zai hau?

Nan ne ake ɓatawa. An daɗe ana kukan masu binciken da ke sauka kamar shirwa: su zo daga Turai ko daga babban birni, su kwashi bayanan da wasu suka shekara suna tarawa, su buga, a ƙarshen maƙala a ce «muna godiya ga ma'aikatan asibiti». Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Akwai kuma ta gida, wadda ba a cika faɗa ba: shugaban da bai karanta ko layi ɗaya ba amma dole sunansa ya zo farko, don shi ke sa hannu a takardar hutu.

Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya gindaya sharuɗɗa huɗu kafin a kira mutum marubuci: ya taka rawar gaske wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya rubuta ko ya yi gyara mai ma'ana, ya amince da kwafin ƙarshe, sannan ya yarda zai amsa tambaya in an sami kuskure. Sai an haɗa duka huɗun. Muƙami ba ya ciki, samo kuɗi kawai ma ba ya ciki. Amma ƙa'idar ta ƙara da cewa wanda ya cika sharaɗin farko a ba shi damar cika sauran, wato ba daidai ba ne a hana mai tattara bayanai ganin daftari sannan a ce bai cancanta ba. Abin da masu raino na ƙwarai ke yi shi ne a rubuta jerin sunaye tun ranar farko, kafin a san ko maƙalar za ta yi kyau: wanda ya kawo tambayar binciken shi ne na farko, mai raino ya koma ƙarshe. Raba nama tun dabba na tsaye ya fi sauƙin raba shi a faranti.

Harshe da kuɗi

Ma'aikaciyarmu ta Garwa tana magana da mara lafiya da Fulatanci ko Hausa, takwaranta na Kusiri ko Injamena da Larabcin Shuwa. Rajista da Faransanci. Manyan mujallu da Turancin Ingilishi. Tunani ɗaya sai ya haye kogi uku kafin ya isa takarda, kuma a kowane ƙetare wani abu na faɗawa ruwa. Akwai sauƙi kaɗan: mujallar Pan African Medical Journal, wadda aka kafa a 2008 kuma take da ofis a Yawunde, tana karɓar Faransanci da Ingilishi, haka ma Health Sciences and Disease ta tsangayar likitanci ta Yawunde. Taron AFRAVIH kan sida na masu Faransanci, wanda aka yi a Yawunde a 2024, wuri ne da mai fara koyo zai gwada tsakuren bincikensa.

Kuɗi kuwa, mujallun da kowa ke karantawa kyauta marubuci suke caza, kuma a manyansu abin yakan kai yuro 2,000 ko fiye, wato sama da sefa miliyan 1.3. Da yawa suna yafewa ko ragewa ga marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma sai wanda ya san ana roƙa, kuma tun lokacin turawa ake roƙa. Ta wannan ƙofa ce mujallun bogi ke shigowa: saƙon imel mai zaƙin baki, alkawarin bugawa cikin mako guda, babu tsifa babu gyara, a biya kawai. Wanda ya faɗa hannunsu ya yi asara biyu, kuɗinsa da aikinsa, don mujallar gaske ba za ta karɓi abin da aka riga aka buga ba. Duba sunan mujalla a rumbun PubMed ko DOAJ bai fi minti biyar ba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suka shigo yanzu suna taimakawa wajen gyaran Turanci, amma sukan ƙago madogarar da babu ita a duniya, kuma sunanka ne a kai, ba nasu ba.

Abin da masu suka ke gani, da abin da talaka zai samu

Akwai sukar da ba ta da amsa mai sauƙi. Duk awar da majo ta yi a gaban kwamfuta, awa ce da ba ta yi a gaban layi ba, a yankin da ma'aikatan lafiya suka yi ƙaranci. Wanda ya iya rubutu kuma kasuwarsa ta buɗe: gobe ka ji ya koma Yawunde ko wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta ɗauke shi. Ga masu neman ƙarin girma ta tsarin CAMES, majalisar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu Faransanci, ko na jami'a, maƙala kan zama abin ƙirga kawai, a yanka bincike ɗaya gida uku. Sannan akwai matsin da ba a rubutawa: shirin da ke rayuwa da tallafi ba ya son a buga cewa wani abu nasa bai yi aiki ba, alhali irin wannan sakamako ne ya fi amfani ga na baya.

Duk da haka ina ganin lissafin ya karkata ga rainon, musamman yanzu da kuɗi ya ja baya. Magani kyauta ne a Kamaru tun 2007, an koma ba duk wanda aka samu da cutar magani nan take a 2016, an cire kuɗin da ake biya na sauran hidimomin sida a 2020. Abin da ya rage tsakanin mutum da maganinsa yanzu shi ne kuɗin babur, nisan hanya, idon maƙwabta da yankewar kaya. Burin da duniya ta sa na 95-95-95, wato a san masu ɗauke da cutar, a sa su kan magani, a danne ƙwayar a jininsu, a waɗannan ƙananan wurare yake tsinkewa. Idan za a yanke shawarar ba makiyayi maganin wata shida kafin ya tashi, ko a cika rumbun asibitocin Logon kafin ruwa ya sauka, ko a daidaita rajistar Kusiri da ta Injamena don mutum ɗaya ya daina zama biyu, wanda ya zo teburin ma'aikatar lafiya da hujja a rubuce shi ake saurara.

Saura wani mataki da yawancin shirye-shiryen raino ke tsallakewa. Maƙala ta fito da Turanci, an tura a zauren WhatsApp na ma'aikata, an yi ta barka. Mutanen da aka ƙirga a ciki kuwa ba su ji komai ba. Majon nan ta Garwa, bayan an karɓi tata, ta ce da likitan yanzu sai ya taya ta rage ta zuwa shafi ɗaya, don ranar taron ƙungiyar masu shan magani tana so ta karanta musu da Hausa da Fulatanci. Ya ce shafi ɗaya ya fi shafi goma wuya. Ta miƙa masa jan biron.